Kurege Mai Rabo da Dami Dubu Biyu da Ɗari Biyar da Ashirin

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ji ku. To madalla. Ku matso, ku bar wa tsoho gefen wuta, gwiwoyin nan sun sha hanya.

Wannan tatsuniya a bakin wani mai saƙar tabarma na ji ta, a Argungu ne ko a Gumel, yanzu ba zan rantse ba. Sunan mutumin ya tafi, sunan garin ya bi shi. Amma adadin da ke cikinta yana nan daram a kaina: dubu biyu da ɗari biyar da ashirin. Malamanmu na da sukan ce alfyan da hamsaminya da ashirin. Ku riƙe shi da kyau, za mu neme shi.

Wani gari ne na dabbobi, gida goma cif. Magajiya Ɓauna ce ke riƙe da shi. Akwai gidanta, akwai gidan Jaki, da na Kunkuru, da na Bushiya, da na Gada, da na Zabo, da na Gafiya, da na Birai guda biyu, wa da ƙane, Jatau da Tanko, waɗanda ke ci tukunya ɗaya tun rasuwar ubansu. Nawa ke nan? Takwas. Sauran biyun sun kuɓuce mini, amma suna nan, ba su ƙaura ba.

Gona ɗaya suke nomawa gaba ɗayansu, ta gero. In an girbe, an ɗaure, sai a tara dammuna a fage a raba. Ba a duba yawan bakuna, tukunya ake dubawa: kowace tukunya kasonta daidai da na 'yar'uwarta. Wanda kuwa ya taɓa tarin kafin ranar rabo, wutsiyarsa ce fansa.

Mai rabon garin shi ne Kurege. Al'adarsu, mai rabo ba ya noma, kuma ba shi da kaso. Abin da ya rage bayan kowace tukunya ta samu daidai, wannan rarar ita ce tasa. In ya gama sai ya share fage da wutsiyarsa ya ce, "An raba, an share." Daga wannan kalma magana ta mutu, ko Magajiya ba ta da ikon tayar da ita.

Shi Kurege gadon aikin ya yi, tare da wutsiya buzu-buzu da baki kamar aska. Damina ta sauka, kowa na duƙe a gona, shi yana gindin tsamiya yana taje wutsiya.

"Sannunku da ƙasa!" in ji shi. "Ku yi ta tono. Allah ya raba baiwa, wasu ya ba su ƙugu, wasu ya ba su kai."

Bara ya kwashi dami bakwai, bara waccan takwas. Dami bakwai kuwa ga ɗan cikin kurege, shekara ce har da baƙi.

To, bana gero ya yi. Kwana bakwai ana ɗauko dammuna daga gona, kullum ɗari uku da sittin. Baba Kunkuru na zaune a bakin fage da igiyoyinsa na rama, duk dami goma da ya wuce sai ya ƙulla ƙulli ɗaya. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa tambayarsa, halinsa ne kawai.

Kurege ya zo ya wuce shi. "Baba, ana ta ƙulle-ƙulle? Kafin ka kwance ɗaya an ci an wanke hannu."

Kunkuru ya ci gaba da ƙulle-ƙullensa.

Kurege ya zagaye tari, ya ƙidaya. Ya sake zagayawa, ya sake ƙidayawa. Dubu biyu da ɗari biyar da ashirin. Ya koma bakin raminsa, ya share ƙasa, ya ɗauki tsinke ya zana hisabi. Matarsa Lantana na gefe tana tankaɗen ɗan garin da ya rage musu na bara.

Ya raba wa gida goma. Kowa ɗari biyu da hamsin da biyu. Rara babu.

Ya ce, "Af." Ya goge. "Bari a ce Bushiya ta makara ranar shuka, a cire ta." Ya raba wa gida tara. Kowa ɗari biyu da tamanin. Rara babu.

"A cire Zabo ma, surutu ya yi masa yawa." Gida takwas, kowa ɗari uku da goma sha biyar. Rara babu. Gida bakwai, ɗari uku da sittin. Rara babu. Ya cire wannan, ya cire wancan, shida, biyar, huɗu, uku, har gari ya koma gida biyu a ƙasa. Rara babu.

Ya yi jifa da tsinke.

"Malam mai hisabi, lafiya?" in ji Lantana.

"Ina lafiya! Ke, adadi iri-iri ne kamar mutane. Akwai shafa'i, mai rabuwa biyu daidai. Akwai wutiri, mai barin ɗaya a gefe. Akwai masu taurin kai irin su bakwai da goma sha uku, waɗanda ba sa rabuwa ga kowa sai ga ɗaya ko ga kansu. Waɗannan su ne 'ya'yan halak, irinsu ke ciyar da mai rabo. Amma wannan na bana, ba shi da zuciya ko ta sisin kwabo. Kowa ya kira shi sai ya amsa. Biyu ta kira, ya je. Bakwai ta kira, ya je. Tara ta kira, ya tafi da gudu har yana tuntuɓe. Tir da adadin da bai san ya ce a'a ba!"

"Wato bana hisabi za mu ci," in ji Lantana. "Da miyar me?"

"Ki yi mini shiru."

"Na yi shiru. Garin nan dai na kwana uku ne. In ya ƙare sai ka zana mana tuwo a ƙasa."

Kurege ya kwanta rigingine, ya ɗora wutsiya a fuska. Ya juya dama, ya juya hagu. Can sai ya yi zumbur ya miƙe.

Ran Litinin, rana tsaka, kowa ya gangara rafi. Zabo ne mai gadin fage, ya sa kai cikin fiffike yana gyangyaɗi. Kurege ya lallaɓa ta bayan tari, ya kama igiyar dami ɗaya da haƙori, ya ja. Ya ja, ya huta. Ya ja, ya huta. Duk inda damin ya bar sawu, ya bi ya share da wutsiya. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa yin gumi irin na ranar ba. Ya tura damin can ƙuryar rami, ya rufe da ganye.

Ya dawo ya ɗauki tsinke. Yanzu tari ya zama dubu biyu da ɗari biyar da ashirin ba ɗaya.

Ya raba wa gida goma. Kowa ɗari biyu da hamsin da ɗaya. Rara tara!

Ya yi tsalle, ya dire, ya sake tsalle. "Lantana! Fito ki ga abin da kai ke yi! Ɗaya na cire, tara suka biyo shi!"

Lantana ta leƙo. "Tara da wanda ka ɓoye, goma ke nan. Ya ishe mu har mu yi kyauta. To ka zauna, ka kama bakinka har ranar rabo."

Amma daɗi ya riga ya hau kansa. Ya ci gaba da zane don nishaɗi. Gida biyu, rara ɗaya. Gida uku, rara biyu. Gida huɗu, rara uku. Biyar, huɗu. Shida, biyar. Haka har goma, tara. Ya tsaya ya zuba wa ƙasa ido, bakinsa na motsi.

"Kin gani? Duk gidan da ya ƙaru, rarata ta ƙaru da ɗaya. In gidaje suka zama goma sha ɗaya, rara goma ke nan."

"Ka gwada goma sha ɗayan a ƙasa tukuna."

"In gwada? Abin da ya faɗa mini gaskiya sau tara a jere, a na goma ne zai yi mini ƙarya? Ke dai tankaɗe kika sani."

"Tsinken yana hannunka, Malam."

Ya karya tsinken, ya sakace haƙori da shi.

Yanzu ina zai sami gida na goma sha ɗaya? Ba a haifar gida a kwana uku. Amma ana fasa shi a yini ɗaya.

Talata da safe ya tarar da Jatau, babban Biri, yana gyaran rumbu.

"Sannu da aiki, Yaya Jatau. Kai dai Allah ya ba ka haƙuri."

"Haƙurin me?"

"A'a, ba komai. Ni ba na son ɗaukar magana." Ya juya kamar zai tafi, ya dawo. "Kawai dai da na ji Tanko a bakin rafi yana cewa wansa da hannu ɗaya yake noma, da hannu biyu yake cin tuwo, sai na ce, yaro dai yaro ne."

Jatau ya ajiye laka. "Tankon da na goya?"

"Ni ban ce komai ba."

Da la'asar ya tarar da Tanko a kan giginya.

"Tanko, sauko mana. Ko sai ka nemi izini?"

"Izinin wa?"

"Na wanka mana. Ai ya ce ko wutsiyarka ba ka iya kaɗawa sai ya nuna maka gefen. Ya ce in aka ba ka tukunyar kanka, kwana biyu za ka kife ta a ka ka ce hula ce."

Tanko ya diro tim. "Shi ya ce haka?"

"Ni ban ce komai ba."

Laraba kafin hantsi, gari ya ji ihu daga gidan Birai. Ludayi ya tashi sama, akushi ya bi shi. Kafin azahar an kafa zana a tsakiyar gida, an ɗora tukunya biyu, hayaƙi biyu na tashi. Dami ɗaya tak Kurege ke nema ƙari, a kansa ya raba ciki ɗaya. Ku dai ku ji.

Aka kai magana gaban Magajiya. Ta hura hanci, ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Ba za ku shirya ba?"

"Ranki ya daɗe, ko a lahira," in ji Jatau.

"Ko a bayan lahira," in ji Tanko.

"To tukunya ake dubawa. Gida goma sha ɗaya ke nan."

Sauran gidaje suka yi ta gunaguni, don kowa ya san kasonsa zai ragu. Kurege kuwa ya sunkuyar da kai yana girgiza shi. "Zumuncin zamani," in ji shi. "Allah ya kyauta."

Daga nan ya zarce wurin Jaki. Ya same shi tare da Bushiya a gindin kuka.

"Jaki, gobe ina da kaya, ka kai mini gida. Dami ɗaya naka ne."

Jaki ya kaɗa kunne. "Ɗaya nawa?"

"Ɗaya naka. Cikin goma mene ne ɗaya?"

"Bushiya, kin ji?"

"Na ji," in ji Bushiya.

Alhamis aka taru a fage. Kowane gida ya kafa alamarsa, goma sha ɗaya a jere. Kurege ya zo da wutsiya a taje, an shafe ta da man gyaɗa tana ƙyalli. Lantana na biye da igiyoyi goma da ya sa ta ɗauko. Ya hau kan turmi ya yi gyaran murya.

"Masu ƙugu, ku matsa baya. Lokacin masu kai ya yi."

Aka fara da goma-goma. "Naki, Magajiya. Naka. Naka. Naki. Naka." Zagaye ɗaya, zagaye biyu. "Naki. Naka. Naka. Naki." Rana ta hau, tari na raguwa. Da aka yi zagaye ashirin da biyu, sai ya rage dami casa'in da tara.

"Yanzu ɗaya-ɗaya," in ji Kurege. Ya kashe wa Lantana ido.

"Naki, naka, naka, naki." Saura tamanin da takwas.

"Naki, naka, naka, naki." Saura saba'in da bakwai.

Kurege ya ɗan dubi tari. Sittin da shida. Hamsin da biyar. Muryarsa ta fara sirancewa. Arba'in da huɗu. Talatin da uku. Man gyaɗa ya fara ɗiga daga wutsiya.

Saura ashirin da biyu, sai ya tsaya. "Ku ba ni ruwa."

"Ci gaba," in ji Magajiya.

"Naki... naka..." Saura goma sha ɗaya. Ya ƙidaya su da ido, ya ƙidaya alamu da ido. Ya sake ƙidayawa ko ɗaya ya ɓuya a bayan wani. Babu wanda ya ɓuya.

"Ci gaba, na ce."

Dami na ƙarshe ya faɗa gaban Tanko. Kowane gida ɗari biyu da ashirin da tara. Fage fes, ko zangarniya ɗaya babu.

Da Kurege ya haɗiye baƙin cikinsa a nan, ya share fage, da ya koma gida ya ci wanda ya ɓoye, ba wanda ya sani. Amma baki shi ke yanka wuya.

"Ƙarya ne!" ya yi ihu daga kan turmi. "Goma ya kamata su rage! Goma! Wani ya yi mini sata!"



Can gefe aka ji wata murya a hankali. "Goma, ɗana?" Baba Kunkuru ne. "Wane hisabi ya ba ka goma?"

Ya jawo igiyoyinsa. Ya shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba, don bai taɓa yi ba. "Igiya bakwai, ta kwana bakwai. Kowace ƙulli talatin da shida, kowane ƙulli dami goma. Dubu biyu da ɗari biyar da ashirin ke nan. In aka raba wa tukunya goma sha ɗaya, kowa zai sami abin da ya samu yanzu, ɗaya ya rage. Ba goma ba, ba kuma babu ba. Ɗaya. To ina ɗayan?"

Kowa ya juya ya dubi Zabo mai gadi.

"Ni ban rintsa ba!" in ji Zabo. "Sai dai ran Litinin, kaɗan. Kuma a mafarki na ga wata wutsiya tana shara."

Kowa ya juya ya dubi wutsiya.

Magajiya ta ce, "Gafiya, ke kika san ramuka." Gafiya ta tafi, ba a jima ba ta dawo tana jan dami, ganye na manne a jikinsa. Ta yar da shi a tsakiyar fage.

"A kawo wuƙa," in ji Magajiya.

Kurege ya ja da baya. Ya rungume wutsiya. Amma kan nan da yake taƙama da shi bai mutu duka ba. Ya faɗi gaban Magajiya.

"Ranki ya daɗe, a tambayi Baba. Baba, in an raba wa goma sha ɗaya, nawa ka ce zai rage?"

"Ɗaya."

"Rara ta wace ce?"

"Ta mai rabo."

"To ranki ya daɗe, wa na sata? Nawa na ɗauka. Na dai ɗauka da wuri ne don in rage muku wahala. Mutum ya kai kayansa gida, sai a ce ɓarawo?"

"To goman da kake ihu fa?" in ji Gada.

"Rana ce ta buge ni. Kun ga na nemi ruwa."

Magajiya ta dubi Kunkuru. Kunkuru ya ce, "Ɗayan dai nasa ne, in tukwane goma sha ɗaya ne." Mai wuƙa ya fara mayar da ita kube. Kurege ya fara taje wutsiya da yatsu.

Sai Bushiya ta ce, "Ni akwai abin da ban gane ba. Litinin ka ɗauka. Birai Laraba suka rabu. Ran Litinin tukwane goma ne. Yaya aka yi ka san za su zama goma sha ɗaya?"

"Hisabi, Bushiya. Mu masu ilmi muna ganin abu kafin ya zo."

"Ka gani kafin ya zo," in ji Jatau a hankali. "Kai ne ka zo mini Talata da safe ka ce Tanko ya ce da hannu biyu nake cin tuwo."

Tanko ya zaro ido. "Ni? Yaushe? Ai ni ya zo wa da la'asar ya ce ka ce zan kife tukunya a ka!"

"Ni na ce?"

"Yaya, ba ka ce ba?"

"Ban ce ba. Ko da yake za ka iya."

Suka dubi juna. Suka dubi Kurege.

Kunkuru ya yi wata dariya ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ba shi da haƙori. "Ɗana, zo in ƙara maka karatu, tunda kai ne mai kai. Adadin da Allah ya ba mu bana ɗan girma ne. Daga ɗaya har goma babu wanda ba ya rabuwa gare shi daidai, kuma duk abin da ke ƙasa da shi babu mai wannan hali, shi ne na farko. Ka cire masa ɗaya, ya koma marowaci. Ban da ɗaya da shi kansa, ba ya rabuwa daidai sai ga gida goma sha ɗaya, ko gida ɗari biyu da ashirin da tara. Rijiya biyu ke nan a duk faɗin dajin. Kai kuwa ka yi gumi, ka yi ƙarya, ka raba wa da ƙane, don dai ka sami hanyar faɗawa ɗaya daga ciki. Da ka bar shi a goma, tara za ka kwasa, ni ma da wuya a tambaye ni igiya."

Fage ya fashe da dariya. Lantana ta ajiye igiyoyinta goma a ƙasa. "Na ce ya gwada," ta faɗa wa Gafiya. "Tsinken yana hannunsa."

Jatau ya rungume Tanko. "Taho mu je mu cire zanar nan, mu haɗa tukunya."

"Madalla," in ji Kunkuru. "In sun haɗa, tukwane sun koma goma. A tara a sake rabo. Kowa ɗari biyu da hamsin da biyu, rara babu. Wannan damin kuwa ya tashi daga rara ya koma sata."

Mai wuƙa ya sake zare ta.

Birai sun juya sun nufi gida. Taku ɗaya, taku biyu. Kurege ya dubi wuƙa, ya dubi bayan Birai, ya dubi hayaƙi biyu da ke tashi daga gidansu har yanzu. Sai ya yi wuf ya faɗa tsakiyar fage, ya baza wutsiya, ya share gabas, ya share yamma, ƙura ta tashi, ya buɗe maƙogwaro iyakar ƙarfinsa:

"An raba, an share! An raba, an share!"

Magajiya ta yi gurnani, ta caki ƙasa da ƙaho. "Kai, ɗan banzan nan!"

"Ranki ya daɗe, ki dubi hayaƙi. Biyu ne. Da na share, tukwane goma sha ɗaya ne. Ɗayan nan rara ce. Al'ada ba ni na kafa ta ba."

Magajiya ta dubi hayaƙi. Ta dubi Kunkuru. Kunkuru ya janye kansa cikin ƙoƙo. Aka mayar da wuƙa kube.

Haka rabo ya zauna. Gidaje tara kowanne ya yi asarar dami ashirin da uku. Birai kuwa suka je suka cire zana, suka haɗa tukunya, suka zuba kaso biyu a rumbu ɗaya, ɗari huɗu da hamsin da takwas. Jatau ya leƙo ta kan katanga. "Kurege, mun gode! Baɗi ma ka zo da wata gulmar!"

"Baɗi ba shi ne mai rabo ba," in ji Magajiya. "Kunkuru ne. Wutsiyarsa gajera ce, amma za mu jira."

Kurege bai damu ba. Wutsiya na nan, dami ɗaya na nan. Ya kama igiyarsa zai ja, sai ya ji kofato a kai.

"Bari in kai maka," in ji Jaki. "Ai mun yi magana."

Ya ɗauka, ya kai har bakin rami. Bai sauke ba. Ya juya ya nufi gidansa.

"Kai, Jaki! Ina za ka da shi?"

"Na kai maka kaya gida. Ka ce ɗaya nawa ne."

"Ɗaya cikin goma na ce!"

"Ni ban san hisabi ba, ƙugu gare ni. Ɗaya na ji. Bushiya, me kika ji?"

"Ɗaya," in ji Bushiya daga nesa.

Kurege ya tsaya a bakin rami yana kallon damin yana rangaji a bayan Jaki, har ya sha kwana.

Ya shiga ciki ya zauna. Lantana ta dube shi sama da ƙasa, ta shimfiɗa faifai. "Karkaɗe wutsiyar nan a nan. Ta share fage, ba ta rasa wani abu."

Ya karkaɗe. Ƙwayoyin gero suka zubo, tsilli-tsilli. Suka sunkuya suka ƙidaya. Goma sha uku.

Idon Kurege ya yi haske. "Goma sha uku! Mai taurin kai! Ɗan halak! Kawo in raba mana."

"Raba," in ji Lantana. "Amma bisa al'ada. Tukunya ake dubawa, mai rabo kuma ba shi da kaso sai rara. Tukunya nawa ce a ramin nan?"

"Ɗaya."

"To Malam, zana mini a ƙasa. Wane adadi ne in an raba wa ɗaya yake barin rara?"

Kurege ya zana, ya goge. Rara babu.

Ta lashe faifai tas. "An raba," in ji ta. "Share."

Shi ya sa har yau in kun ga kurege a bakin gona ya miƙe tsaye kan ƙafa biyu, yana dube-dube, bakinsa na motsi, ba gaisuwa yake yi ba. Goma sha ɗayan nan yake gwadawa, a makare.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, wanda ya tsinta ya raba da ni. Abin da ya faɗa maka gaskiya sau tara, ka tambaye shi na goma, ba zai ji haushi ba. In kuwa lalle sai ka yi wayo, to ka fara duba ko akwai tsoho a gefe da igiya. Akwai wani darasi na uku da mai tabarmar nan ya faɗa, mai kyau ne ƙwarai, amma ya bi sunan garin.